Muryar Inna Uwaliya a Rediyo

Sapele,
16 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Dakta Halima Sa'adiya,

Yau shekara shida da wata huɗu rabona da garinmu Gammo, saboda haka in kin ga gaisuwata ta yi tsatsa sai ki yi haƙuri. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya maigida da yara, ya Hajiya? Da fatan kowa lafiya. Ni ma nan lafiya lau, sai godiya.

Wataƙila ba za ki gane mai rubutun ba. Ni ne Mijinyawa, babban ɗan Inna Uwaliya. Kakata da kakanki Malam Sajo ciki ɗaya suka fito, don haka ko kin zama dakta, taubashiyata ce ke. Rabona da ganinki tun bikin Altine a Kabo, ranar da kika zuba mini gishiri a kunu kika tsaya kina kallona ina sha. Tun da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kano na gangaro nan, ina awon katako a wani kamfani.

Shekaranjiya Lahadi da safe muna teburin mai shayi, mu bakwai, aka sako wani shiri a rediyo kan tsofaffi. Mai gabatarwa ya ce wata malamar jami'a ta yi shekara biyu tana zaga ƙauyukan Gwarzo da Kabo tana binciken waye ke jinyar tsofaffi. Da ya faɗi sunanki na ce wa mutane ƙanwata ce. Mai shayi ya ce, "Kai da ko a kurkuku ba mu taɓa jin kana da ɗan'uwa ba, yau ka tashi da dakta." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Sai kika ce za ki sako muryar wata tsohuwa da kika sa wa suna Yelwa don a ɓoye ta. Halima, tun daga tarin da ta yi kafin ta fara magana na gane ta. Ta ce shekara uku ke nan ba ta taka ƙasa da ƙafarta ba. Ta ce 'ya'yanta biyu ne, duk maza, ƙaramin yana Kano yana haya da babur. Ta ce, "Wancan kuwa, wanda ba a faɗi, yana can kurmi." Kin san al'adar gidanmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Wancan ɗin ni ne.

Kika ce mata, "Ya jikin, Inna?" Ta ce, "Da sauƙi." Kika bayyana wa masu saurare cewa cikin tsofaffi tamanin da kika tambaya, saba'in da tara sun ce da sauƙi, ta tamanin ɗin kuma kurma ce. Kika ce shi ya sa a takarda tsofaffin ƙauye suka fi na birni lafiya. Mutanen teburin suka ce wallahi matar nan ta iya magana. Ni kuwa na ajiye kofina na tashi.

Wasiƙun ƙanena Musbahu goma sha tara ne a akwatina, jiya na sake karance su. Kowacce ta ce, "Inna tana gaishe ka, jiki da sauƙi." Na ɗauka ciwon gwiwarta ne na da. Shekara uku ina aika wa matar da ba ta tafiya man zafi, kwalba biyu duk bayan wata uku, har ina ja wa Musbahu kunne a riƙa shafawa da dare.

Tambayoyina uku ne. Me ya same ta? Wa ke kula da ita? Sannan wa ya ba ki izinin sako muryar mahaifiyata duniya ta ji kafin ɗanta ya ji? Ba na cewa ƙarya kika yi. Da ma ƙaryar kika yi.

Yayanki,
Mijinyawa.


Kano,
2 ga Afrilu, 2004.

Yaya Mijinyawa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni a ofis, na karanta ta a tsaye. Muna lafiya, Hajiya tana amsawa, ta ce ashe kana raye. Zancen gishiri kuwa, kai ka fara ce mini mai kan ƙwarya a gaban ƙawayena, ka manta da wannan.

Zan amsa maka a jere, ba tare da "da sauƙi" ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama, tun daminar 2001. Hawan jini ne ya jawo. Ranar da aka kai ta asibitin Gwarzo, a kan babur, Musbahu yana tuƙi wani maƙwabci yana riƙe da ita ta baya, ranar ce farkon da aka taɓa auna jininta a shekara saba'in. Matar wani abokin aikina ta yi irin wannan ciwo a wata ɗaya da ita. Yau tana zuwa kasuwa da sanda, don an kai ta da wuri kuma an yi mata gashin ƙashi. Tsakanin gidajen biyu tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. Abin da bincikena ya ƙunsa ke nan, ba wani abu ba.

Kada ka ga laifin Musbahu da yawa. Duk Juma'a yana zuwa da hatsi da magani, ya ɗauko ta ya fitar da ita ta sha rana. Amma wanka da kama ruwa ba za ta yarda ɗa namiji ya yi mata ba, shi ma ba zai iya ba. Matarsa ta zauna wata huɗu, ga goyo ga ciki, ta koma. Inna ce da bakinta ta ce a riƙa rubuta maka da sauƙi. Ta ce kada a ɗaga wa wancan hankali, aikinsa ne abincin gidan.

A duk ƙauyukan da na zaga, tsohuwar da ta fi shan wuya ba wadda ba ta haihu ba ce, don ita dangi sun san nauyinsu ce. Wadda ta haifi maza zalla ce, don kowa yana ganin ai tana da masu yi mata.

Wadda ke riƙe da Inna yanzu Malama Hanna ce, matar Malam Chollom, malaman firamare ne, Kiristoci mutanen Filato. Shekara biyu da rabi ke nan Inna ta koma hannunta gaba ɗaya.

Tambayarka ta uku. Na zauna gaban Inna na gaya mata za a sa muryar a rediyo, in ba ta so a bari. Ta ce, "Rediyon yana kaiwa kurmi?" Na ce yana kaiwa. Ta ce, "To, a sa."

Ƙanwarka,
Halima Sa'adiya.


Sapele,
19 ga Afrilu, 2004.

Halima Sa'adiya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni lafiya, sai barci da ya ƙaurace mini.

Na yafe wa Musbahu rabin laifin. Rabin kuma sai mun haɗu.

Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da na kasa wucewa. Kin ce Inna ta koma hannun Malama Hanna gaba ɗaya. Wato an ɗauke mahaifiyata daga ɗakin da ta yi shekara hamsin a ciki an kai ta gidan malaman makaranta, ba a ko shawarce ni ba.

Ki fahimce ni. Ba ni da komai da matar nan sai addu'a, Allah ya saka mata. Ni kaina da na kwanta da taifod a nan, maƙwabtana Kiristoci ne suka yi ta dafa mini ruwan zafi. Amma ranar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, a teburin mai shayin nan muka saurara, mutane suna kuka, ni ma na yi. An ce filin bai ɗauki jama'a ba. A cikin wannan jama'a duka, a ce babu mace ɗaya a Gammo da za ta ɗauki buta ta shiga wajen Uwaliya, matar da ta yi wa rabin unguwar wankan jego? Wa ke yi mata alwala a gidan da ba a alwala? In ta Allah ta kasance a can, wa zai laƙƙana mata kalmar shahada?

Ban tsaya jiran amsarki ba. Na rubuta wa dattawan masallacin unguwarmu, na ba wani direban tirela ɗan Gwarzo ya kai musu hannu da hannu. Na ce ni ne babban ɗanta, ina roƙon a yi wa Malama Hanna godiya a sallame ta, a mayar da Inna hannun matan unguwa. Na faɗi musu maganganu masu nauyi, ban yi nadama ba. Ko ba don ni ba, ai sun ji kunyar rediyo.

Ke kuma ki ci gaba da bincike, Allah ya ƙara girma.

Mijinyawa.


Gwarzo,
18 ga Yuni, 2004.

Yaya,

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu mun tsira, alhamdu lillahi. Ka ji rikicin da aka yi a Kano a watan Mayu. Makonni muka yi ba mai fita sai dole, wasiƙarka tana kwance a ofis ban gan ta ba sai ranar Litinin ɗin nan. Da na karanta na ajiye komai na kama hanyar Gammo. Yanzu a barandar asibiti nake rubuta maka, a kan gwiwata.

Yaya, Inna ba ta taɓa barin ɗakinta ta koma gidan kowa ba. Ko kwana ɗaya. "Ta koma hannunta" na ce, ban ce ta koma gidanta ba. Hanna ce ke zuwa: da asuba kafin makaranta, lokacin tara, bayan an tashi, da magariba. Katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Dattawa sun karɓi wasiƙarka. Da ma tun ranar shirin rediyo duk unguwar ta gane muryar, mutane suna ta ƙus-ƙus cewa an tona musu asiri. Wannan laifina ne. Na canza suna na ɗauka na ɓoye mutum, kamar akwai wanda zai kasa gane tarin maƙwabciyarsa. Wasiƙarka ta ba su abin riƙewa. Suka je da mutunci, suka yi wa Hanna godiya, suka ce ɗanta na kurmi ya ce ta huta. Aka raba wa mata kwanaki.

Ba zan ɗauki alhakin matan nan ba, sun yi. Kwana goma sha ɗaya ba a fasa ba. Sai ruwa ya sauka, kowacce ta koma shuka da dafa abincin 'yan gona, aka koma leƙawa sau ɗaya a yini. Suna ba ta abinci, suna share ɗaki. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne wanda ba ya motsi sai an riƙa juya shi duk bayan awa biyu ko uku. Hanna ta sani, amma ita da mijinta da rikici ya tashi sun bar garin mako uku. Musbahu yana zuwa Juma'a ya same ta a lulluɓe, ya ce ya jiki, ka san amsar.

Da na ɗaga zanen, Yaya, sai da na dafa bango. Gyambo ne a ƙugunta, faɗin tafin hannuna, da wani ƙarami a diddige. Na ɗauko ta na kawo ta asibiti nan Gwarzo, likita ya ce zai iya warkewa in an samu mai juya ta dare da rana tsawon watanni. In ba a samu ba, ya ce kada mu yaudari kanmu.

Ka ce Allah ya ƙara girma, to ya ƙara. An gayyace ni taro biyu. Ma'aikatan lafiya da na horar a Sabon Birni sun daina tambayar tsofaffi "ya jiki", yanzu cewa suke "yaushe rabonki da fita tsakar gida", kuma sun gano mutum ashirin da uku a kwance da ba a san da su ba. Har ɗalibai suna kiran abin da sunana. Matar da ta koya mini shi kuwa ga ta nan bayan tagar nan ana wanke mata gyambo.

Zan iya biyan magani. Ba zan iya zama ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Su Hanna kuma sun yanke shawara, ana ba da hutu ƙarshen Yuli za su koma gida gaba ɗaya. Ta zo asibiti jiya da kunu, ta ce in haɗa maka da wannan takarda.

Halima Sa'adiya.


Malam, sannu da aiki. Ni ce Hanna. An ce kai ka ce in daina zuwa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma ya wuce. Ga abin da duk wanda zai karɓe ta ya kamata ya sani.

Kada a ba ta ruwa zalla da sauri, yana sarƙe ta. Kunu mai kauri, da ƙaramin cokali, ta gefen hagu. In za a juya ta a fara gaya mata, ba ta son a ɗauke ta kamar buhu. Dutsen taimama yana ƙarƙashin matashinta. In an jingina ta tana kallon ƙaramar taga, ta kalli alƙibla ke nan. Tana ɓata lissafin raka'a, sai a zauna kusa a riƙa ɗaga mata yatsu. Ni Kirista ce amma na san La'asar huɗu ce.

Abu na ƙarshe. Tun azumin da ya wuce, in ina goge mata baya, takan kira wani suna a hankali, sau biyu ko uku. Na ɗauka wani ɗan'uwanta ne da ya rasu, don a unguwa ba na jin ana kiran kowa haka. Jiya na tambayi Dakta waye Mijinyawa. Sai ta fita waje ta bar ni.

Hanna Chollom.


Sapele,
29 ga Yuni, 2004.

Halima,

Wa alaikumus salam. Ina gaida ke, ina gaida Inna in tana gane gaisuwa, ina gaida Musbahu. Kada ki tambayi lafiyata.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana huɗu wasiƙarki tana aljihuna, na auna katako ba daidai ba har sau biyu.

Na koma na karanta wasiƙarki ta Afrilu. "Hannunta" kika rubuta, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Gaskiyar ita ce a wasiƙar akwai layin da ya ce ta tambaya ko rediyo yana kaiwa kurmi, kuma ban iya tsayawa a kansa ba. Sai na nemi wani layin da zan yi fushi a kansa, na samu. Kin ce ke kika fara da rediyo. To ki ɗauki naki, amma gyambon nan da birona na yi shi.

Shekarata arba'in da shida, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ɗan shekara tara wata saniya ta harbe ni a ƙirji na faɗi ba numfashi. Tana tatsa a gefe. Ba ta ajiye ƙwaryar ba, ta ce wa goggona, "Ku duba wancan." Sai bayan shekaru goggo ta gaya mini ranar nonon duk a ƙasa ya zube, hannunta ya kasa samun bakin ƙwaryar. Matar da ta iya wannan riƙon, in yau tana kiran sunan a gaban baƙuwa, to ba sai likita ya gaya mini inda aka kai ba.

Na je wajen limaminmu na nan na tambaye shi ko ɗa namiji zai iya yi wa mahaifiyarsa wanka da kama ruwa. Ya ce in babu mace lalura ta halatta, in sa safar hannu in kawar da kai gwargwadon iko. Na ce in ita ta ƙi fa? Ya ce wannan ba fatawa ba ce, tsakaninku ne. Saboda haka ina roƙonki ki fara yi mata maganar kafin in iso. Ke kin iya sa tsofaffi magana.

Akwai wata nas a gidan da nake haya. Tun ranar Asabar take koya mini juya mara lafiya da buhun dusar katako a kan tabarma. Yaran gidan sun taru suna dariya, wai Malam ya yi sabuwar amarya. Ta ce hannuna yana da nauyi amma ina jin magana.

Na rubuta wa dattawa wasiƙa ta biyu, tana tare da wannan. Na ce ni na yi kuskure, ba su ba, ba matan unguwa ba. Ki ba su a karanta a inda aka karanta ta farko. Ita kuma Malama Hanna ban san da wane baki zan gaishe ta ba. Ki roƙa mini ita mako ɗaya kafin su tafi, ta tsaya a kaina ta koya mini kamar ɗan aji ɗaya. In ta ƙi ba ta yi laifi ba.

Na je wajen manaja. Ya ce zai ba ni hutun da na tara, in ya ƙare ban dawo ba akwai mutum biyar a bakin ƙofa masu jiran ma'aunina. Gaskiya ya faɗa, na san su, biyu ma a teburinmu suke shan shayi. Likitanki ya ce watanni, manaja ya ce kwanaki. Ban san abin da za a ci a gidan ba in aikin ya tafi, kuma na san Inna za ta fara tambayata wannan kafin ta tambayi hanya.

In za ki rubuta littafi kan binciken nan, ki sa ni a ciki, a babin 'ya'ya maza. Kada ki canza mini suna.

Zan taso ranar Alhamis ta mako mai zuwa, in sauka Gwarzo kai tsaye. Ki gaya wa Musbahu kada ya zo tarbata da babur, ina da kaya. Ga abin da shekara shida da wata bakwai suka bar mini: kwana arba'in da ɗaya na hutun da ban taɓa ci ba, katifa ɗaya mai leda irin ta asibiti, zannuwan gado shida, safar hannu kwali biyu, da kuɗin mota zuwa Gwarzo. Na dawowa ban ajiye ba.

Yayanki,
Mijinyawa.